Tarin Inna da hayaƙin murhu: in matsa mata ta koma gaz?

Ƴar Birni

Assalamu alaikum. Shawara nake nema a kan mahaifiyata, kuma zan ɗan ja zancen don ku ga inda na maƙale.

Inna ƙosai take soyawa a zauren gidanmu nan unguwar Birni, Damagaram, tun ina goye. Da kaskon nan ta yi mana kayan ɗaki ni da yayata, da shi ƙanenmu ya kai jami'a. Yanzu ta haura sittin. Tun da damina ta ɗauke ta kama tari, muka ce murar shigowar sanyi ce, aka yi ta dafa mata citta da kanumfari, ana sa zuma da lemun tsami. Ga shi hunturu ya raba tsakiya tarin bai tafi ba. Ya fi tsananta da asuba, sai ta yi ta yi har ta dafa bango, ta fitar da kaki, wani lokaci da baƙi-baƙi a ciki. Ƴar hawan nan ta zuwa gidan ƙanwarta, wadda da can take haurawa da tulu a ka, yanzu sai ta tsaya a tsakiya ta mayar da numfashi. Idanunta kuwa kullum ja, suna ruwa.

Ni dai zargina yana kan wutar. Tana idar da sallar asuba sai ta gicciya icce uku a murhu, ta dunƙule baƙar leda, irin wadda take zuba wa mutane ƙosan a ciki, ta ƙyasta mata ashana. Ledar tana narkewa tana ɗiga a kan iccen da ƴar wuta shuɗiya, ita kuma ta durƙusa ta sa baki tana hurawa, fuskarta tsundum cikin hayaƙin. Warin yana kaiwa har ɗakin ƙurya. Da yake sanyi ake yi, sai ta saki buhun da ke ƙofar zauren don kada iska ta watsa mata wuta, ta zuba mata ƙura a mai. Azarar rufin ta yi baƙi har tana sheƙi. Nan take zama sai hantsi, ga ƴar yayata mai shekara uku a gindinta tana jiran na farko ya fito.

Ni malamar makaranta ce, albashin kun san shi, amma na ƙudurta in saya mata butelin gaz, ƙaramin nan mai kilo 6. Da na taɓa mata zancen ta ce ba za a ajiye mata bam a zaure ba tana da jikoki. Ta ce ƙosan gaz ba ya ƙamshi, masu saye za su gudu. Ta ce ribar duka nawa ce da za a kai wa mai gaz. Ina cikin lallashi sai ƙanen namu, wanda ke karatu a jami'ar André Salifou, ya shigo da nasa: wai gaz ma daga man fetur yake, irinsa ne ke ɗumama duniya, ƙasashe suna neman barinsa mu kuma yanzu za mu shiga. Inna ta samu mai tare mata faɗa, ta ce to kin ji, masu bokon ma sun ce a'a.

Hayaƙin ne ke sa tarin, ko ƙurar hunturu ce kawai da tsufa? In na matsa mata ta koma gaz, gyara na yi ko sana'a na kashe mata? Sannan wannan zancen ɗumamar duniya, da gaske ya hau kan tsohuwa mai ƙosai?

Tsohon Manjo

Wa alaikumus salam, ƴata. Allah Ya ba Inna lafiya, ke kuma Ya ba ki masu yi miki.

Ajiye zancen buteli tukuna. Gobe da safe ki kai ta likita a auna kakinta. Duk tarin da ya wuce mako biyu, mu a aikinmu na asibiti tarin fuka muke fara nema, tibi ke nan, ballantana wanda ya kwashe watanni. Ki lura ko tana ramewa, ko tana jiƙa zane da gumi cikin dare duk da sanyin nan, ko zazzaɓi na rufe ta da yamma, ko an taɓa ganin jini a kakin. Ko babu ɗaya daga ciki a auna. In shi ne, maganinsa kyauta ne, wata shida ana sha, kuma ana warkewa sarai, sai dai a duba sauran mutanen gidan, musamman ƴar jikar nan. Kada ki saya mata ƙwayoyi wurin masu tebur ko masu yawo da magani a ka kafin awon. Wasu suna lafar da tarin na ɗan lokaci, su rikita wa likita aiki.

In awo ya nuna ba shi ba ne, to abin da kika zarga shi na fi zarga. Na yi aiki a ƙauye na yi a birni, kuma na ga mata da yawa da ba su taɓa riƙe sigari ba amma huhunsu kamar na tsohon mashayin taba: masu tuwo, masu waina, masu ƙuli-ƙuli, masu dafa wa babban gida. Hayaƙin icce yana ɗauke da ɓurɓushi ƙanana ƙwarai waɗanda gashin hanci ba ya tarewa. Suna wucewa can ƙasan huhu, hanyoyin iska su kumbura, su yi ta fitar da majina, a hankali su tsuke. Shi ya sa take tsayawa a hawa. Abin da ya riga ya lalace ba ya dawowa, ba zan ɓoye miki ba. Amma in an raba ta da hayaƙin, lalacewar tana rage gudu, tarin ya yi sauƙi, kuma akwai maganin shaƙa mai buɗe ƙirji. Ki roƙa a auna hawan jininta, a saurari zuciyarta, don ciwon zuciya ma yana kawo haki. Idon shi ma a duba, hayaƙi na cikin abubuwan da ke gaggauta yana.

Ƙurar hunturu tana da nata laifin. Mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele take tasowa, can arewacin Cadi, tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe, mu kuma muna kan hanyarta. Amma ƙura ta ƴan watanni ce kuma kowa yana shaƙa. Murhu kowace safiya ne, ita kaɗai a bakinsa, shekara da shekaru. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida irin wannan ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2, cikinsu yara ƴan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000, yawancinsu ta limoniya. Don haka yarinyar nan ta fi tsaya mini a rai a kan kakarta. A ɗauke ta daga gindin murhu tun gobe, a kai mata ƙosanta tsakar gida.

Leda kuwa a bar ta yau, ba sai an jira awo ba. Roba ce, hayaƙinta ya fi na icce yanka ƙirji, kuma daidai lokacin da take ci ne Inna take sa fuska.

Tun da na fara bari in ƙarasa, ko da matan Damagaram za su yi fushi da ni: turaren wuta a ɗaki rufe shi ma hayaƙi ne, ƙamshinsa bai canza masa hali ba. Mai tari, a turara ɗakin tana waje, a buɗe taga kafin ta shiga. Kaskon garwashin da ake kwana da shi don ɗumi ya fi duka haɗari. Yana fitar da wata iska marar wari marar launi, mutum ya tashi da ciwon kai da jiri, wani ma ba ya tashi.

Mai shinkafa da wake

Baba Manjo ya gama da fannin likita. Ni ta kasko zan yi miki, ƙanwata, don abinci nake sayarwa a bakin tasha, kuma tsoron nan na Inna har a gidanmu an yi shi.

Kada ki ce mata ta bar sana'a, ko da wasa. Tsohuwar da ta saba kuɗinta na shiga hannunta kowace safiya, mutane suna tsayawa suna gaishe ta, tana jin labarin unguwa kafin kowa, in kika raba ta da kaskon nan wani ciwon za ki sa mata. Kuma kada ke ki zama mai koya mata, ƴar da ta goya. Ki nemo aminiyarta ko wata sa'arta da ke girki da gaz, ta gayyace ta, ta kunna a gabanta, ta kashe, ta miƙa mata ashana ita ma ta gwada, su dafa shayi su sha. Uwar mijina haka ta saki jiki, bayan ta daɗe ko tsakar gida ba ta ratsawa in buteli na waje.

Zancen ƙamshi, ƙosai a cikin mai yake nuna, ba ya taɓa wuta. Ƙamshinsa daga wake ne da albasa da barkono da man. Tuwo da gashin nama na yarda icce yana ba su wani abu, amma suya a'a. Abin da za ta gani shi ne wutar ba ta hawa da sauka, ƙosan ba ya ƙonewa a waje cikinsa ɗanye, kuma gindin kasko ba sai an zauna da toka da yashi ana kankara ba.

Kuɗi kuma, nauyin yana wurin sayen butelin farko da kansa. Ni da adashe na ɗauka. Cikawa, farashin hukuma da muka saba da shi sefa 1,800 ne na kilo 6, babban mai kilo 12.5 kuma 3,750. Ki sa ƙanen naku mai boko ya rubuta iccen da take saye na mako guda, har da na ranar da ya zo ɗanye ta ƙara da na dala hamsin, sai ku kwatanta. Ni da na yi nawa lissafin icce ya fi cin kuɗina, sai dai shi kaɗan-kaɗan yake ci, ba ka ji. Gaz ranar da ya ƙare sai ka fitar da kuɗin a dunƙule, in ba ka shirya ba ka kwana ba ka ɗora tukunya ba. Gwangwani na samu, kullum ina jefa kuɗin iccen ranar a ciki. Wata wahalar kuma yakan ɓace a gari, ka yi ta yawo a kabu-kabu da buteli a cinya, in ka samu an ɗora masa kuɗi. Saboda haka ban fasa murhuna ba, yana nan bayan rumfa, babbar tukunyar wake har yau a kansa nake dafawa, amma a fili.

Abu ɗaya da ba na so ku yi sakaci da shi: kada ku ɗora kaskon mai a kan butelin kai tsaye. Ya yi tsawo, ita a kujera ƴar tsugunno take, yaro ya gifta ya ture, Allah Ya kiyaye. Ku ɗauki kaskon ku kai wa masu walda, su yi mata gajeren murhu mai faɗin ƙafa daidai gindinsa, a ja tiyo, butelin yana can gefe.

Ƙanen Ƴar Birni

Yaya, kin kai ƙarata gaban jama'a kuma rabin maganata kika faɗa. Baba Manjo, Hajiya, ina gaisuwa.

Na ce gaz daga man fetur yake, wannan gaskiya ne. Na wajenmu ma daga matatar SORAZ yake fitowa, nan kan hanyar Tanut, wadda ta fara aiki a 2011. Amma ban ce Inna ta ci gaba da shaƙar leda don ta ceci duniya ba. Wani abu ne ke ci mini rai na fara faɗa, Inna ta cafke wanda ya yi mata daɗi, ta tashi ta bar mu.

Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar carbon da duniya ke fitarwa a shekara ba. In an raba wa kowa nasa, ɗan Nijar wajen kashi ɗaya cikin goma na tan yake fitarwa, Ba'amurke ɗaya wajen tan 14. Sai an tara mu fiye da ɗari kafin mu kamo mutum guda. Amma wa ya kwana a tsakar gida yana jiƙa zane a Afrilun 2024, ga azumi, lokacin da zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta Mali? Wa ya ga tsohon masallacinmu na Birni, ginin ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube a farkon Satumbar shekarar saboda ruwan sama? Ambaliyar daminar ta kashe sama da mutum 300 a ƙasar nan, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, har sai ƙarshen Oktoba yara suka koma makaranta don mutane na kwana a azuzuwa. Yaya, ke kin fi ni sanin wannan. Murhun Inna ba shi ya jawo ba, butelinta ma ba zai ƙara wani abin a zo a gani ba.

Su masu kuɗin ma sun fara dawowa kan wannan. An daɗe wasu masu ba da bashi na Turai suna ja da baya ga duk abin da ya shafi gaz a Afirka, alhali da shi suke ɗumama ɗakunansu. A Mayun 2024 aka yi taro a Paris kan girki mai tsabta a Afirka, aka yi alƙawarin dalar Amurka biliyan 2.2, kuma gaz yana cikin hanyoyin da aka lissafa. Dole su lissafa shi, tun da wajen mutum huɗu cikin biyar a kudu da Sahara da icce, gawayi, kara ko kashin shanu suke girki. Nawa ne zai iso zauren Inna, sai mun gani.

Inda ban janye ba shi ne gaz ba shi ne ƙarshe ba. Rana muke da ita har ta yi yawa, wata rana girki da wutar sola zai yi araha. Amma duk wanda ya ga zaman duhun da muka yi bayan Najeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023 ba zai ce tsohuwa ta dogara da lantarki don suyar asuba ba.

Wadda ke wuyanmu mu da kanmu ita ce leda, wannan ba Bature ba ne ya watsa mana ita a titi. Tun 2014 akwai dokar da ta hana shigo da ita da sayar da ita, amma ku duba kan kowace ƙaya a bayan gari. Ita ke toshe magudanan ruwa, ruwa ya kwanta sauro ya hayayyafa, ita mahauta ke cirowa a dunƙule daga tumbin akuya. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017, su kuma da gaske suka hana. Inna tana zuba ƙosai mai zafi a ciki, ta hura wuta da ragowar. Ni shawarata, duk ɗan unguwar da ya zo da kwanonsa kamar yadda ake aikenmu muna yara, a ƙara masa ƙosai ɗaya gyara. Kuɗin ledar da ba a saya ba ya biya shi.

Ɗan fada

Allah Ya ba Inna lafiya. Ƙosan dai kada a taɓa mana shi. In gyaran nan da gaske ne, fadarmu ta samarin unguwa duka da kwano za mu zo.

Manomi daga Matamaye

Salamu alaikum. Ɗalibi ya yi magana, Hajiya ma haka, amma ina so in tsaya wa icce kaɗan, kada mutanen birni su mayar da shi abin kunya. A ƙauyenmu babu mai cika buteli, sai ka shigo gari, kuɗin mota ya kusa na gaz ɗin. Matanmu da icce da kara za su ci gaba da girki, ba shekara ɗaya ba ba biyu ba. To yadda ake samunsa da yadda ake ƙona shi su ne abin dubawa.

Iccen da manyan motoci ke kwasowa daga daji, a sare gindi a bar fili, shi ne ke kawo mana hamada. Wanda muke sassaɓowa a gona daban ne. Bayan yunwar 1984 iyayenmu suka fara abin da ake kira sassaben zamani. In ka zo sharar gona ka tarar da kututturen sabara ko kalgo ya tofo, ba ka ƙone shi kamar da. Ka durƙusa ka duba tofon, ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi da suka miƙe, ka yanke sauran da wuƙa mai kaifi daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage, ka aske musu ƙananan rassa har wajen rabi. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa tun tuni, don haka ya fi dashe saurin girma, ba ya son ban ruwa. Abin da ka yanke shi ne iccen girkin uwargida. Gawo kuwa ko ɗan tsiro ne sai ka kafa masa sanda kada garma ta taɓa shi, don shi da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa hatsi inuwa, gindinsa ya fi ko'ina zangarniya, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Wanda ya bi hanyar Mirya, Matamaye zuwa Magarya ya ga yadda gawo ya cika gonaki. An ƙiyasta wajen hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 aka farfaɗo da su ta haka, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, kuma mafi yawa manoma ne da adda da wuƙa, suna gani wurin juna. Dashen 3 ga Agusta, ranar dashen itace ta ƙasa, yana da kyau, amma ku koma bayan wata shida ku ƙirga wanda akuya ta bari.

Kowace mai sana'a a birni da ta koma gaz ta rage mana motar da ke shiga daji, don haka ni ina bayan butelin Inna. Amma ranar da za ta koma icce, ya zama busasshe ƙayau. Ɗanyen icce wani kaso na wutarsa a ƙafar da ruwan jikinsa yake ƙarewa, shi ne hayaƙin nan fari mai yaji. Ku saya da wuri ku jingine shi a rana, ku faskara shi ƙanana. Kada a sa katako mai fenti ko guntun taya. Wurin hurawa kuma ba ta rasa komai ba: ƙiraruwa, karan dawa, ko takarda da aka ɗiga wa tsohon man suya, wanda tana da shi a gindinta. Ta sa mafici, ta bar hurawa da baki. Akwai murhun ƙarfe Mai Sauƙi da maƙera ke yi, akwai na laka da ake ce wa Albarka, dukansu suna tsare wuta a gindin tukunya, iska ba ta kwashe ta.

Tsohon Manjo

Malam manomi, na ƙaru. Abu ɗaya zan ƙara don kada a ruɗe: murhun zamani yana rage cin icce, amma hayaƙin da yake ragewa bai kai wanda mai ciwon ƙirji take buƙata ba. Ga mai lafiya a fili, madalla. Ga Inna, sai dai na ranar da gaz ya yanke.

Mai cika buteli

Malama, ki gaya wa Inna buteli ba ya tashi haka kawai. Yawancin gobarar da muke ji daga yoyo ne, robar baki ta tsufa ko tiyo ya tsage. Da gangan ake sa wa gaz warin nan don hanci ya kama shi. In an ji, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki, a rufe kan, a buɗe ƙofa. Ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka zaure mai buhu a ƙofa ba wurinsa ba ne. Duk sabon cikawa ki kaɗa sabulu ki shafa kumfar a mahaɗa, in ta yi ƙwai-ƙwai ki mayar wa wanda ya ba ki. A tsaye ake ajiye shi, a inuwa. A fara ƙyasta ashana sannan a buɗe.

Ƴar Birni

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Baba Manjo, mun je. Da ƙyar ta yarda, sai da na ce idonta za a duba. An auna kaki, ba tibi ba ne, alhamdu lillahi. Jininta ya ɗan hau, an rubuta mata magani, an ba ta na shaƙa, an ce ta yi hoton ƙirji. Malamar da ta duba ta ba ta ko tambaye ni ba, ta kalli hannunta ta ce, "Inna, me kike soyawa?"

Leda an daina, da takarda da tsohon mai take hurawa, ta ce dama ta san wannan tun kafin a haife mu. Yarinyar an hana ta zama, ana ta kuka. Mun fitar da murhun daga zaure zuwa ƙofar gida, ƙanena ya kafa mata zana ta gabas saboda iska, tana ta mitar sanyi, na ba ta rigar sanyin mijina.

Gaz ne har yanzu ba mu daidaita ba. Hajiya, na bi shawararki, mun je gidan aminiyarta, ta kunna da hannunta, ta sha shayin, ta ce ba laifi. Ta yarda a dama koko a kansa. Ƙosai kuwa ta ce sai ranar da ta ga wata mai ƙosai da idonta tana yi kuma layinta bai ragu ba. In akwai wadda kuka sani a Zango ko Sabon Gari, ku yi mini kwatance in kai ta. Kuɗin butelin ma sai ɗaukar adashena, wata mai zuwa.

Tsohon Manjo

Madalla, ƴata. Hoton ƙirjin kada a bar shi don an ga sauƙi. Maganin shaƙar ki sa a nuna mata yadda ake yi a gabanki, tsofaffi da yawa a baki suke fesa shi su haɗiye, ba ya kai huhu. Na hawan jini kuma ba a ajiye shi don an ji daɗin jiki. In tarin ya ƙaru, ko ta fara ramewa, ko ƙafa ta kumbura, ku koma, a sake auna kakin ko da na farko bai nuna komai ba.

Mai shinkafa da wake

Akwai wata ƙawata mai fanke da ƙosai, da gaz take yi, layinta har kan titi. Bari in tambaye ta tukuna, in ta yarda sai ku zo ranar Lahadi da sassafe, kafin ƙullun ya ƙare. Ku taho da kaskon Inna, mai waldar da ya yi mata nata murhun yana kusa da ita.